Malamin Gado a Kasuwar Race Course

Idan ɗan kasuwa ya rasu da asuba a Kumasi, kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi maƙabartar Tafo. Rumfarsa kuwa tana nan a Race Course, da buhunan albasar da aka sauke masa shekaranjiya, da doyar da ya karɓa bashi a hannun mutanen Techiman, da yaron shago da bai san wa zai miƙa wa cinikin yau ba. Albasa ba ta jiran a share makoki. Shi ya sa tun ana zaman gaisuwa wani dattijo cikin dangi yake jan yaro gefe ya ce masa, "Maza je ka kira Malam."

Malamin da ake nufi shi ne mai rabon gado. Ba shi da ofis, ba shi da allon talla a ƙofar gida. Galibi limamin masallacin unguwa ne ko mai makaranta a Aboabo, Asawase, Yalwa ko Sabon Zango, kuma 'yan kasuwa sun san shi ne ta wani rabo da ya taɓa yi aka tashi lafiya. Race Course filin sukuwar dawaki ne a da, kusa da Bantama. Da aka tashi sake gina kasuwar Kejetia a 2015, aka kwaso 'yan kasuwa da motoci masu yawa aka zuba a nan, kuma mutanen Zango na cikinsu: masu hatsi, masu kayan gwari, dillalai, direbobi. Duk inda irin wannan jama'a ta taru, dukiya takan cuɗe da juna, jarin wannan a rumfar wancan, kuma ran da mutuwa ta ɗauki ɗaya sai an sami wanda zai warware.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Littafin rubutu mai layi, biro ja da baƙi, kalkuletar waya, sai Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da gefen shafukanta ya yi baƙi da ta'aliƙi. Tsadar sana'ar tana cikin shekarun da aka kashe kafin a riƙe biron. Almajiri yakan bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, ya wuce Askari, kafin ya kai Muhtasar na Shehu Halilu, inda babin gado shi ne na ƙarshe. Da yawa hidimar duniya kan ɗauke su kafin su kai can. Wanda ya kai kuma sai ya haddace Rahabiyya, ya zauna gefen malaminsa wurin rabo shekara da shekaru yana riƙe masa littafi, yana ganin yadda ake yi wa matar mamaci tambaya ba a ƙara mata kuka ba.

Ɗanyen kayan wannan sana'a shi ne tarika, wato duk abin da mamaci ya bari, kuma tattara ta ya fi kowane mataki cin lokaci. Ɗan kasuwar Zango kansa ne ma'ajiyarsa. Wani yana da ɗan littafi da ajami, wani bayan kwalin sigari, wani babu komai sai "ai mun san juna." Don haka Malam yakan sa a yi shela tun a wajen jana'iza, a maimaita ranar addu'ar uku da ta arba'in: duk wanda yake bin mamaci bashi, da duk wanda mamaci yake bi, ya zo ya faɗa. Masu bin bashi ba sa makara. Waɗanda ake bi su ne sai an taka an same su rumfa rumfa, a yi gaisuwa mai tsawo, a ambaci Lahira kaɗan, sannan mutum ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Malam, akwai buhu shida a wurina."

Kayan da ke lalacewa ana sayar da su nan da nan a gaban shaidu biyu daga cikin 'yan layin, a rubuta farashi, a ajiye kuɗin hannun amintacce. Sai a bi sauran. Akwai katin mai susu da ke zagayowa kullum yana karɓar ajiya. Akwai adashin da mamaci ya ɗauki kwasarsa bai gama zubi ba. Akwai kuɗin MoMo a waya, lambar sirri ta tafi da mai ita. Akwai ajiyar wani direba ɗan Tawa ko Maraɗi da ya bar kuɗinsa sai ya dawo, wadda amana ce, ko kwabo ba ya shiga gado. Har lissafin kuɗin kansa yana da tarko: tun 2007 aka sauya sidi, tsohon 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma tsofaffin kasuwa har gobe da miliyan suke magana. Wata Hajiya za ta ce tana bin mamaci miliyan 20, tana nufin sidi 2,000. Malamin da bai tsaya ya tambaya ba zai rubuta abin da zai cinye gida.

Wurin da na fi ganin ƙwarewar malami shi ne zamansa da matan mamaci. A Zango mace tana sana'a, tana sayar da shinkafa da wake ko koko ko atamfa, kuma sau da yawa jarinta yana cikin na mijin. Firiji nata ne, ɗakin da aka ƙara a bayan gida da kuɗin adashinta aka yi rufinsa, wataƙila ma ragowar sadakinta ba a taɓa biya ba. Tana takaba, ga kunya, ga 'yan uwan miji zaune, ba za ta buɗe baki ba. Malamin kirki yakan sa a kira ta bayan labule tare da wata babbar mace daga danginta, ya ce, "Hajiya, abin da yake naki ba gado ba ne. Ki faɗa mini shi tukuna kafin mu taɓa na marigayi." Wannan tambaya guda ta tsare haƙƙin mata fiye da dogon wa'azi.

Idan tarika ta tsaya, tsarin fitarwa sananne ne: kuɗin likkafani da kabari, sai bashi, sai wasiyya matuƙar ba ta haura sulusi ba, abin da ya rage shi ne na magada. Amma su wa ne magadan? A nan ma sai an yi bincike. Mutumin da ya yi shekara 40 yana fatauci tsakanin Kumasi da Bawku da Abidjan yana iya barin iyali a inda mutanen gida ba su sani ba. Idan ɗaya daga cikin matan tana da juna biyu, rabo ya tsaya sai ta sauka. Ga kuma tsohon rauni na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardun zama. Gidaje da dama a Zango an bar su hannun ɗan uwa ko maƙwabci, masu su suka koma Kano ko Sakkwato ko Nijar suka rasu a can. Jikokinsu suna da haƙƙi a ɗakunan da ba su taɓa gani ba, kuma Malam ne zai yi ta bugun waya yana haɗa salsala.

Lissafin kansa, wanda mutane suka fi jin tsoro, shi ne ya fi sauƙi ga wanda ya iya. Kason da aka yanka a Suratun Nisa'i shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. A ɗauki misalin mutumin da ya bar mata 2, da mahaifiya, da 'ya'ya maza 3 da mata 2, kuma bayan an fitar da komai saura sidi 96,000. Malam zai kafa asalin mas'ala a kan 24. Matan suna da tumuni, kashi 3. Uwa tana da sudusi, kashi 4. Saura 17 na 'ya'ya, namiji rabon mace biyu, kawuna 8 ke nan. 17 ba ta rabuwa ga 8, 3 ba ta rabuwa ga 2, sai ya buga 24 sau 8 ta zama 192. Kowane kashi ya tashi sidi 500. Kowace mata 6,000, uwa 16,000, kowane ɗa namiji 17,000, kowace 'ya 8,500. Minti goma ya ishe shi. Yakan sake bugawa a gaban jama'a da babbar murya, ya miƙa wa ɗan boko cikin 'ya'yan ya duba da wayarsa, don kada a ce an yi a ɓoye.

Matsalar ita ce dukiyar Zango ba kuɗi ba ce a tire. Gida ne mai tsakar gida da ɗakuna 12, rabi 'yan haya, rabi dangi, bayan gida ɗaya, famfo ɗaya. Ƙasar da yake kai ma haya ce ta shekaru, domin filayen Kumasi na sarautar Asante ne, ana biyan kuɗin ƙasa, takardun kuma suna bi ta fadar Manhyia da Hukumar Filaye. Rumfar kasuwa ita ma izinin zama ne daga hukumar birni, sai an je an sauya suna. To yaya ake fitar da tumuni daga ɗaki? Sai a kira masu ƙima su yi wa kowane ɗaki kuɗi, na bakin titi da ake iya mayarwa shago ya fi na ƙurya, wanda ya sami mai tsada ya yi wa ɗan uwansa ciko. Wani lokaci a bar gidan a dunƙule ana raba kuɗin haya bisa kaso. Sayar da gida shi ne abin da kowa ke gudu, domin a Zango gidan uba shi ne shaidar cewa kai ɗan gari ne.

Duk wannan aiki yana tafiya ne a ƙarƙashin wata doka da ba ta san shi ba, kuma a nan sana'ar ta Kumasi ta bambanta da ta Kano. A Kano alƙali ne yake rabo, hukuncinsa kuma ya zauna. Kumasi ma ta taɓa ɗanɗana irin haka a zamanin Malam Sallau, Bakatsinen da ya riƙe sarautar Zango daga 1919 zuwa 1932 yana shari'a tsakanin mutanensa. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta yarda a raba gadon mutum bisa Musulunci idan an yi wa aurensa rajista cikin mako guda, abin da kaɗan ne suka taɓa yi. A 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, PNDCL 111, ta soke wancan tanadi, ta hau kan kowa ba ruwanta da addini ko ƙabila. Dalilinta mai kyau ne. A al'adar Asante gado ta wajen uwa yake bi, ɗan 'yar uwa ya gaji kawunsa, matar mamaci da 'ya'yansa a bar su a titi. Dokar ta zo ta tsare su, ta ba su kayan ɗaki da gida guda, daga baya ma aka mayar da korar su daga gidan kafin rabo laifi.

Sai dai kasonta daban ne. A waccan dukiya ta sidi 96,000, in ita ce ragowar bayan an fitar da gida da kayan ɗaki, matan za su raba kashi 3 cikin 16, kowace 9,000. 'Ya'ya su raba 9 cikin 16 daidai wa daida, kowa 10,800. Uwa ta sami 12,000, sauran 12,000 a bi da su ta al'adar dangi. Dokar tana lissafa ɗan da aka haifa ba aure, tana lissafa matar da ba Musulma ba, waɗanda fiƙihu bai ba su gado ba. Ma'ana, rabon Malam yana tsaye ne muddin magada duka sun yarda. Ran da ɗaya ya ɗauki lauya, kotu dokar ƙasa za ta bi. Shi ya sa malaman da suka san aikinsu ba sa tashi daga wurin rabo sai kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar yarda, a kai wa mai rantsarwa ya buga hatimi.

Shi ya sa kuma rabin sana'ar yau ya koma tun mutum yana da rai. Musulmin Ghana da yake son a raba dukiyarsa yadda addininsa ya ce, hanyarsa mafi tabbas ita ce ya rubuta wasiyya bisa Dokar Wasiyya ta 1971. Sharuɗɗanta ba su da yawa, amma ba ta yafe ko ɗaya. Mai wasiyya ya kai shekara 18. A rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada wanda aka yi wa kyauta a ciki ya zama ɗaya daga shaidun biyu, in ba haka ba kyautarsa ta faɗi. Idan mai wasiyya makaho ne ko bai iya karatun takardar ba, dole wani ya karanta masa ya fassara, ya kuma rubuta a jikinta cewa ya yi hakan kuma mai ita ya fahimta. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kayar da wasiyyoyin tsofaffi da dama, domin Alhaji yana iya zama masanin Larabci da ajami amma takardar da Turanci take. Nan Malam da lauya suke haɗuwa, ɗaya ya san abin da ya halatta a rubuta, ɗaya ya san yadda za a rubuta shi kotu ta karɓa. Ana rufe takardar a ambulan a kai ajiya Babbar Kotu.

Shawo kan mutum ya zauna a rubuta shi ne wahala. Bahaushe yana jin kamar kiran mutuwa ne. Malam ba ya gardama da shi, sai ya tambaye shi jikokinsa marayu, waɗanda ubansu ya riga shi rasuwa: ya san baffanninsu za su katange su, ba za su sami ko tsinke ba? Ya tambaye shi matarsa 'yar Asante da ta yi shekara 30 tana dafa masa abinci tana zuwa cocinta. Ya tambaye shi yaron da ya riƙa tun yana goye. Duk waɗannan sulusi ne mafitarsu, domin wasiyya ta halatta ga wanda ba magaji ba, magaji kuwa ba a yi masa sai in sauran sun amince. Wanda yake son ya ba wani ɗa ko wata mata gida, to ya bayar yana da lafiya, a miƙa, a karɓa, a rubuta. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Malam yakan kuma gaya masa gaskiya cewa ko da wasiyya, kotu tana da ikon ta yanka wa iyaye ko mata ko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wani abu idan an bar su cikin ƙunci.

Sai zaɓen wasiyyi, mutumin da zai zartar. Dokar Ghana tana son wanda ya kai shekara 21. Fiƙihu yana son Musulmi baligi, adali, mai iya ɗaukar nauyin, kuma mace tana iya zama. Mutane sukan zaɓi babban ɗa ko aminin ƙuruciya. Ni dai ina ganin shawarar da malamai ke bayarwa ta fi: a sa mutum biyu, ɗaya cikin gida ɗaya a waje, kada su zama tsaran mai wasiyya da za su iya riga shi tafiya, kuma a sami mai iya zirga-zirgar ofis a cikinsu. A gidan mata biyu, ɗora ɗan ɗaki ɗaya shi kaɗai a kan dukiya buɗe ƙofar zargi ne ko da waliyyi ne. A kuma tambayi mutum kafin a rubuta sunansa, domin aikin ba ƙarami ba ne.

Bayan rasuwa, wanda wasiyya take hannunsa yana da kwana 14 ya kai ta kotu. A karanta ta a gaban dangi, wasiyyi ya nemi takardar tabbatarwa. In babu wasiyya, dangi su fitar da waɗanda za su nemi takardar izinin kula da dukiya. Banki ba ya sakin ko sidi ɗaya sai da ɗayan biyun, kuma taɓa dukiyar mamaci ba tare da izini ba laifi ne a doka. A nan kuɗi ke fita: takardar shaidar mutuwa, rantsuwa, mai ƙima, ladan lauya, da kashi 3 cikin 100 na ƙimar dukiyar da ake biya a kotu. Iyalin da gida kawai aka bar musu sukan rasa inda za su samo wannan, sai su haƙura da kotu, gidan ya ci gaba da zama da sunan kaka.

Shi Malam me yake samu? A masarautun Arewa a da, ushira ake cirewa, kashi ɗaya cikin goma. A Zango babu mai ba shi wannan. Littattafan Malikiyya sun halatta ladan mai rabo, har suka ce bisa yawan kawunan magada ake raba shi, amma yawancin malamai kunya ba ta barin su yanka farashi. Abin da aka ba su a ambulan, goro ne. Gidan masu hali su ba da abin kirki har da turmin shadda, gidan talaka a ba shi kuɗin mota da godiya, wani gidan kuma shi zai ciro daga aljihunsa ya yi hoton takardu, ya sa katin waya ya kira Zinder. Babu mai riƙe iyali da rabon gado kaɗai. Makaranta da limanci da ɗaurin aure da raɗin suna su ne suke cike gurbin.

Wahalarta kuwa ba a aljihu ta tsaya ba. Rabo ba ya yi wa kowa daɗi, kuma wanda ya ga nasa ya yi kaɗan ba ya zargin aya, Malam yake zargi. A ce ya ci kuɗin uwargida. A daina gaishe shi a masallaci. Wata rana a aiko masa da sammaci ya je ya tsaya a gaban alƙali, lauya yana tambayarsa da Turanci wa ya ba shi ikon raba dukiyar mutane. Takardar yardar nan da ya dage a sa wa hannu ita ce take fitar da shi.

Aikin da ya fi cin rai shi ne wanda malamai ke kira munasaha: gadon da ba a raba ba har magaji ya mutu, magajin magaji ma ya mutu. Irinsa ya yi yawa a tsofaffin gidajen Zango. Mai gida ya rasu tun zamanin Nkrumah, aka ce a bari kada a ɓata zumunci, yanzu masu haƙƙi sun haura 50, wasu a Nima ta Accra, wasu a Jamus, wasu a Agadas. Malam zai haɗa takardu manya ya manna su da gam, ya zana mamaci na farko a sama, ya raba, ya sauko kan na biyu ya raba kasonsa, haka har ƙasa, kuma dole ya tabbatar wa ya riga wa mutuwa, domin kuskuren wata guda yana sauya lissafin gaba ɗaya. Yakan ɗauki watanni. A ƙarshe wata jika tana iya tashi da abin da bai kai kuɗin motarta daga Accra ba, amma sai an kira ta an damƙa mata, ko ta furta da bakinta a gaban shaidu cewa ta bar wa 'yan uwa.

Kason marayu ƙanana ba a damƙa shi. Yana zama hannun wasiyyi, a rubuta adadinsa a takarda uku, ɗaya wurinsa, ɗaya wurin uwar yaran, ɗaya a jakar Malam. Duk abin da aka cire na makaranta ko asibiti sai an rubuta da kwanan wata. In yaro ya girma aka ga hankalinsa ya kai riƙon dukiya, a tara shaidu a buɗe takardun uku a gwada su, a ƙirga masa abinsa, ya sa hannu ya karɓa.